Baiwar Allah a Sabuwar Unguwa

Wanda ya san Maraɗi shekaru talatin da suka wuce, in ya komo yau sai ya nemi ɗan jagora. Garin da ambaliyar Gulbi ta kora daga fadama zuwa tudu a 1945 bai daina tafiya ba tun daga ranar. Ƙidayar 2001 ta sami mutum wajen dubu 148 a cikinsa, ta 2012 kuwa ta sami fiye da dubu 267, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah yana bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa. Saboda haka gonakin gero na bakin gari suka riƙa zama filayen gida. Aka sare gawo da kalgo da sabara, aka ja igiya, aka kafa alamun iyaka, bulo ya hau kan bulo. A ɗaya daga cikin irin waɗannan unguwanni ne wani tsohon malamin lakwal ya tare da iyalinsa bayan ya aje alli. Mutanen unguwa Mushe suke ce masa, kamar yadda ake kiran duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo.

Babban ɗansa, wanda ke aikin gwamnati a Yamai, shi ya gina masa gidan: ɗakuna huɗu na siminti, rufin kwano, ƙofar ƙarfe, ga famfo a tsakar gida. Duk wanda ya zo ganin gida sai ya sa wa yaron albarka, kuma ya cancanta. Amma watannin farko Mushe ya kasa sabawa. In ya dawo daga sallar asuba yakan zauna bisa tabarma yana jin akwai abin da ya ɓace, ya rasa ko mene ne. Sai wata safiya ya gane. A tsohon gidansu na Bagalam, mai katangar laka da ɗakunan shuci, gari ba ya wayewa shiru. Nan kuwa daga carar zakara sai ƙarar kabu-kabu. Gidan ba tsuntsu ko ɗaya.

Wadda ya fi kewa ita ce baiwar Allah, ƴar mitsitsiyar tsuntsuwar nan da tsawonta bai wuce santimita 10 ba, nauyinta kuma bai kai giram 10 ba. Namijin ja ne kamar an tsoma shi a ruwan lalle, fukafukansa ƙasa-ƙasa, da siririn zobe rawaya kewaye da ido, da ƴan ɗige-ɗige farare a gefen ƙirji waɗanda sai an matso ake ganin su. Macen launin ƙasa ce, jan nata a gindin wutsiya yake, sai ɗan tabo gaban ido. Cikin tsuntsayen ƙasar Hausa da wuya a sami wanda ya saki jiki da mutane kamarta. Takan ratsa tsakanin ƙafafun masu daka, ta shiga ɗakin girki, ta leƙa cikin ƙwarya. Tun yana yaro mahaifiyarsa takan hana su jifarta, tana cewa wadda ta amince da kai ba a cin amanarta.

Hajiya, uwargidansa, ita ta dawo da tsuntsaye gidan, ba kuwa da niyya ba. Ta yarda a kai geron tuwo inji, amma na fura ta ce sai turmi, domin furar inji ba ta zama mata a ciki. Ta sa aka kafa mata rumfa a kusurwar gida, aka kewaye da zanar gamba, aka jibga shuci a bisa. Ta kawo turminta da taɓare, ta sayo kaji da zabi biyu. Kullum da hantsi ana surfe, ana bakace, dusa da tsaki suna zuba ƙasa. Ba a yi wata ɗaya ba sai ga baiwar Allah, miji da mata, suna tsalle-tsalle a gindin turmi kamar dama can nan aka haife su.

Daga nan Mushe ya sami abin yi. Mutumin da ya shekara talatin da wani abu yana kiran sunayen yara kowace safiya sai ya ɗauko kaye sabo, ya ja layi, ya shiga rubuta masu zuwa da lokacin zuwansu. Kurciya ce ke fara sauka, tana tafiya tana kaɗa kai, tana haɗiye ƙwaya ɗungurungum. Bayanta sai gwara, masu hayaniya da ƙwace, waɗanda ba sa cin abinci sai da faɗa. In rana ta ɗan ɗaga sai asisi, biyu-biyu, masu shuɗin ciki, namijin da jan tabo a kunci. Baiwar Allah kuwa ba ta da lokaci, yini take yi. Ya lura ba ta hawa kara ko zangarniya, a ƙasa take kiwo, kuma ta fi son tsaki da ƙananan ƴaƴan ciyawa irin su burburwa da harkiya da guɗe-guɗe, waɗanda iska ke kawowa daga kangayen da ba a gina ba tukuna. In ta ɗauki ƙwaya sai ta jujjuya ta a baki har ɓawon ya faɗi, sa'an nan ta haɗiye. In gara ta fito bayan ruwa takan ɗan taɓa, amma tsaba ce abincinta.

Ruwa ma ya koya masa abu. Ya aje kasko a ƙarƙashin famfo inda yake ɗiga, ya ga yadda kurciya ke tsoma baki ta zuƙa ba ta ɗaga kai ba sai ta ƙoshi, alhali gwara sai ya ɗiba ya ɗaga kai sama, ya sake ɗiba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke kai mutum bango, kaskon nan ya fi tsaba tara jama'a. Tsuntsun da ke cin busasshiyar ƙwaya ba ya nisa da ruwa, shi ya sa gidan da ake alwala a ƙasa yake riƙe tsuntsayen da gidan da ruwansa ke bin bututu ba ya riƙewa.

Wani maƙwabcinsa, manomi ne da gari ya cinye rabin gonarsa, yakan leƙo ya ce, “Mushe, ɓarayin hatsi kake kiwo.” Mushe yakan yi dariya ya ce a bambanta. Mai ɓarna jan baki ne, wanda ke zuwa dubbai kamar hayaƙi ya faɗa wa dawa da gero tun suna ɗanye bisa kara, har yara su yini a gona suna kaɗa gwangwani. Kabare ma, wanda ke cika dogon yaron bakin hanya da saƙa da surutu in damina ta faɗi, ba a wanke shi ba. Amma baiwar Allah abin da ya faɗi take tsinta, wanda ko ba ita tsintsiya ce za ta kwashe.

A gidan akwai wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ɗan ƙanen Mushe ne da Allah ya yi wa rasuwa a ƙauye, aka kawo shi riƙo. Yaro ne marar magana. Yana cin abinci, yana zuwa lakwal, yana gaida kowa, amma ba wanda ya taɓa jin dariyarsa, kuma danƙon harbi ba ya barin wuyansa. Ranar da Mushe ya gan shi yana auna asisi bai daka masa tsawa ba, bai kuma ƙwace danƙon ba. Sai ya miƙa masa kaye da bik ya ce, “Idona ya yi rauni. Zauna nan ka riƙa gaya mini wanda ya sauka.” Yaron ya zauna don ba ya iya ƙin umarni. Bayan mako biyu shi ke gyara wa Mushe lissafi.

Shi ne ma ya fara ganin abin da ya faru cikin watan Oktoba, bayan an yanke gero, lokacin da ciyawa ta zubar da ƴaƴanta, abinci ya wadata. Namijin baiwar Allah ya ɗauko gashin zabo wanda ya fi kansa girma, ya riƙe shi ta gindi, ya tsaya gaban macen yana ɗagawa yana sauka kamar mai rawa. Da ya gama sai ya tashi da gashin ya shige cikin shucin rumfar Hajiya, daidai inda rufi ya haɗu da zana. Da suka leƙa suka tarar aiki ya yi nisa. Sheƙar dunƙulalliya ce kamar dunƙulen hannun babba, an rufe ta ta sama, ƙofarta a gefe, busasshiyar ciyawa a waje, mai laushi a ciki, an shimfiɗe ta da gashin kaji da na zabi. Ba ta da kyan saƙar kabare, tari ne kawai aka yi da dabara, amma wanda bai sani ba zai wuce ta sau ɗari. Kowace safiya ƙwai ɗaya, fari fat, kamar ƙwayar gyaɗa, har suka cika huɗu. Rana ta biyar suka ga biyar, na ƙarshen ya ɗan fi sauran girma. Yaron ya ce jiya ya ga wata baƙuwar tsuntsuwa mai zane-zane a baya, kamar ƙaramar gwara, tana ta kewaya rumfar.

Kashegari da dare waya ta yi ƙara. Babban ɗan ne daga Yamai. Saura kwana arba'in bikin ƙanwarsa, autar gidan, kuma dangin ango daga Yamai za su zo.

“Baba, na aiko da kuɗin siminti da kwano. Magina za su zo ranar Asabar su tada rumfar nan, a shafe tsakar gida baki ɗaya kafin biki.”

“To madalla, Allah shi yi albarka. Amma a ɗan dakata mini.”

“Lafiya dai, Baba?”

“Lafiya lau. Kwana talatin kawai nike so.”

Bai faɗi dalili ba, domin ya rasa bakin da zai faɗa. Yaron yana da gaskiya ta kowace fuska. Shuci a tsakiyar unguwa cikin hunturu abokin gobara ne, gara tana cin dirkoki, kunama tana ɓuya a zana. Ban da wannan akwai bakin mutane, waɗanda za su ce ma'aikaci guda ya bar uwarsa tana daka a ƙarƙashin ciyawa. Kuma kuɗin nasa ne, guminsa ne. Dattijon da ke zaune a gidan da ɗansa ya gina, yana cin abin da ɗansa ya aiko, yaya zai buɗe baki ya ce a tsaida aiki saboda tsuntsuwar da ba ta kai giram 10 ba? Amma lissafin a fili yake ga wanda ya koyar da lissafi: kwana 12 na kwanci, kwana 18 kafin ɗiyan su tashi. In aka tada rumfa ranar Asabar, ƙwai biyar za su bi shara.

Hajiya ce ta fasa ƙwan, da ɗan ya kira ta yana tambaya ko wani abu ke damun Baba. Ta ce, “Ba abin da ke damun shi. Tsuntsuwa ta yi mishi ƙwai a rumfa.” Aka yi shiru a waya, sa'an nan ya yi dariya, daga baya dariyar ta ɗauke. Ya ce kwana goma ba za su ishi magina ba sai an ƙara musu kuɗi, ga siminti a jibge. Ta ce, “Na sani. Amma kai ma a ƙarƙashin irinta aka yi goyonka. Ka bar mishi.” Ya bari, ba da daɗin rai ba. Mako biyu bai kira ba, Mushe kuwa ya ji shirun nan har cikin ƙashinsa, ko da yake bai ce wa kowa komai ba.

Miji da mata suka riƙa karɓa-karɓar kwanci, yaron yana rubuta lokacin da ɗaya ya fito ɗaya ya shiga. Wani lokaci namijin yakan dawo da sabon gashi ya gitta shi a ƙofa kamar labule. Rana ta goma sha biyu ƙwai huɗu suka fashe, ɗaya ya ƙi. Bayan ƴan kwanaki, da iyayen suka fita kiwo, Mushe ya haska fitilar hannu, ɗiyan suka wage baki gaba ɗaya. A ganɗar kowane akwai baƙaƙen ɗige-ɗige, a gefen baki kuma ƴan ƙulle-ƙulle farare masu ɗaukar ido cikin duhu, alamar da iyaye ke bi su zuba abincin da suka tara a maƙoshi. Duka huɗun alamarsu ɗaya. Sai dai guda ya fi sauran jiki, ya fi su naci.

Wani tsohon ɗalibin Mushe da ke ma'aikatar gandun daji ya ara masa littafin tsuntsaye na Faransanci, a ciki ya sami bayanin baƙon. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi, mai farin baki da jajayen ƙafafu, wanda ke yini bisa reshe ɗaya ko wayar lantarki yana ta kuka da kaka. Macensa ita ce mai zane-zanen da yaron ya gani. Ba ta yin sheƙa, ba ta kwanci, a sheƙar baiwar Allah take zuba ƙwanta ta yi gaba. Wata masaniya ƴar Faransa, Marie-Yvonne Morel, ta yi shekaru tana bin rayuwar baiwar Allah a Richard-Toll, bakin kogin Senegal, ta fitar da bincikenta a 1973, ta kuma tarar kusan sheƙa ɗaya cikin uku tana ɗauke da irin wannan ƙwai. Tun a 1964 wani Bajamushe, Jürgen Nicolai, ya nuna cewa ɗiyan waɗannan tsuntsaye suna zuwa duniya da alamun baki irin na ɗiyan masu riƙonsu, shi ya sa ba a ware su wajen ciyarwa. Akwai tsuntsaye masu irin wannan ɗabi'a waɗanda ɗansu ke tunkuɗo ɗiyan masu gida ƙasa don ya ci shi kaɗai. Wannan ba ya yin haka. Tare suke girma, tare suke tashi.

Abin da ya fi tsaya wa Mushe a rai shi ne maganar kuka. Namijin baƙin tsuntsun nan, in ya girma, yana saka kukan baiwar Allah cikin nasa, wanda ya koya tun yana sheƙa. Macen kuma namijin da ke kukan gidan da ta tashi take zaɓa, kuma irin sheƙar da ta rene ta take nema ta yi ƙwai. Robert Payne na Jami'ar Mishigan a Amurka ya gwada abin: ya sa wani tsuntsu dabam, ɗan asalin Asiya, ya reni ɗiyan, da suka girma mazan suka riƙa kukan wancan, matan kuma suka bi masu kukan wancan. Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mushe ya sha faɗa wa yara wannan karin magana a aji, yana nufin jini da asali. Bai taɓa tsayawa ya tambayi wane gida ake nufi ba, wanda aka haife ka ko wanda aka ciyar da kai.

Ya karanta wa yaron shafin, yana mayarwa da Hausa. Yaron ya daɗe yana kallon rumfa, sa'an nan ya ce, “Baba, to shi ya san ba iyayensa ba ne?”

Mushe ya rufe littafin. Ya ce, “Wannan sai Allah. Abin da muka gani ni da kai, in ya buɗe baki ana sa mishi daidai da kowa.”

“In ya girma fa?”

“Zai yi baƙi kamar ubansa, ya shiga cikin danginsa, ba mai hana shi. Amma kukan gidan nan zai tafi da shi.”

Yaron bai ce komai ba, ya sunkuya bisa kaye. Da magariba Hajiya ta ji abin da ba ta taɓa ji ba, muryarsa ta cika gida, yana bin muzurun maƙwabta da gudu yana yi masa ihu.

Rana ta talatin, da hantsi, ɗiyan suka fito ɗaya bayan ɗaya, launin ƙasa, baki baƙi, wutsiya guntuwa, suka faɗa gindin turmi suna bin iyayensu da roƙo. Muzurun ya sami ɗaya a daren farko, duk da tsaron da aka yi. Baiwar Allah tsuntsuwa ce mai gajeren kwana, sheƙa da yawa ba sa kai labari, shi ya sa takan yi ƙwai sau da dama cikin shekara. Uku suka rage, biyu na gida da baƙon. Kashegari magina suka zo, kafin rana ta take tsaka rumfa ta zama tarin ciyawa. Yaron ya ciro sheƙar da hannunsa, ya warware ta bisa tabarma, ya ƙirga gashi 31 a ciki.

Abu ɗaya Mushe ya roƙi babban magini: a bar masa taku huɗu a bayan akurkin kaji, kada siminti ya taɓa. Nan aka maida turmi, aka jingina tsohuwar zana da katanga. A wurin akwai kututturen magarya tun na gonar da aka gina gidan a kanta, wanda ke tohowa kowace damina ana sarewa. Manoman jihar Maraɗi tun shekarun 1980 suka gane amfanin irin wannan toho, suka riƙa zaɓen reshe ɗaya ko biyu suna bari a gona, har itatuwa suka dawo bisa miliyoyin eka a Maraɗi da Damagaram. Mushe ya yi wa tasa magaryar haka. Ya san asisi ƙaya take nema ta yi sheƙa, sau da yawa ma kusa da gidan rina, inda maciji da ɓera ba sa son zuwa.

Babban ɗan ya iso ana jibi biki. Ya zagaya gida, ya yaba aiki, da ya kai kusurwar nan ya tsaya ya ɗaure fuska, amma bai yi magana ba saboda mutane. Kashegari bayan asuba suka zauna shi da mahaifinsa bisa sabon siminti, ba mai cewa uffan. Da gari ya waye sai ga jan namijin ya ratsa ta gaban ƙafarsa, ya nufi gindin turmi.

“Irin na gidanmu na Bagalam,” in ji shi.

“Su ne,” in ji Mushe.

Iyakar abin da suka ce ke nan, kuma kusurwar tana nan yadda take.

Unguwar ta ci gaba da cika. Kangayen da ke kawo ƴaƴan ciyawa ana gina su ɗaya bayan ɗaya, gidaje suna ƙara tsafta, hatsi yana zuwa a niƙe cikin leda, ruwa yana bin bututu, bango ba rami, rufi ba kafa. Ba wanda zai ce a koma laka da shuci, shi kansa Mushe ba ya fatan haka, ya san daɗin kwana ba tare da tsoron ɗigar ruwa ba. Amma waɗannan ƙananan tsuntsaye tun kaka da kakanni da abin da gida ya zubar suke rayuwa: tsakin da ya tsallake faifai, ruwan da ya sauka daga buta, gashin da kaza ta yar, ƴar kafar da mai rufi ya manta. Ba su taɓa neman fiye da haka ba. Gidan da ya rufe waɗannan duka zai wayi gari shiru, mai gidan kuma ya daɗe yana neman abin da ya ɓace masa.

Da kaka ta zagayo, wani ɗan baƙin tsuntsu mai farin baki ya kama wayar lantarkin da ta bi ta bisa katangar gidan, ya yini a kai. Ba mai iya cewa ko shi ne, yaron dai ya rantse shi ne, ya kuma rubuta haka a kaye. Kukansa kakkaura ne, mai karce kunne, yana zuba shi ba numfashi. Amma wanda ya natsu zai ji, can a tsakiya, yakan sassauta murya ya yi wani siririn kira mai laushi, irin wanda ake ji a gindin turmi.